Bakin da Muka Koyi Aiki a Cikinsa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu isa ranar Alhamis bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa kafin magariba. Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a gidansa na Ƙofar Dundaye, kuma a kwana ukun nan ban ji kalma ɗaya da ta sanyaya mini zuciya ba, saboda duk wadda ta shigo ni take yabo.

Mata za su zauna, su yi wa Inna matar Kawu ya haƙuri, sai wata ta nuno ni da haɓa.

"Wagga ta ɗiyar da tay yi mai haƙora?"

"Ita ta. Likita ta."

"Allah shi yi miki albarka, ɗiya. Kin hidda tsoho kunya, har yab bar duniya shina dariya da hwarin haƙori."

Ni kuwa ina cewa amin, kaina a ƙasa. A waje, ƙanena ya ce mini, dukawa abokan sana'ar Kawu sun cika tabarma, wani tsoho a cikinsu ya yi kuka har da majina yana cewa hannun ɗinki ya tafi. Wannan kukan na yarda da shi.

Rana ta biyu abokan karatuna huɗu suka zo daga Arkilla a mota guda, kowa ya sha turare. Sun yi addu'a yadda ya kamata, ba zan zalunce su ba. Amma da na raka su zaure, ɗaya daga cikinsu ta jawo gefen mayafina ta raɗa mini, "Don Allah wai mene ne sunan Baba Denca na gaskiya? Ina so in sa shi a sitatus." Haka ɗalibai suke kiran Kawu, wato Baba mai haƙoran roba. Shekara biyu yarinyar nan tana sa hannu a bakinsa. Na faɗa mata sunan, ta rubuta a waya tana tambayata yadda ake haɗa baƙaƙen.

Rana ta uku da hantsi ƙaramar wayar Kawu mai madanni ta yi ƙara a ƙarƙashin matashin Inna. Ta miƙo mini, ta ce, "Amsa, Likita, ni ban iyawa."

Muryar wani saurayi ce, cike da ladabi. "Baba ina kwana? Ni ɗalibin likitan haƙori ne, wata anti ce ta ba ni lambarka. Muna da jarrabawa wata mai zuwa, an ce kana taimaka wa ɗalibai."

Na ce, "Ya rasu. Yau kwana uku."

Ya yi salati, ya ce Allah Ya jiƙansa. Sannan ya ce, "Anti, don Allah ko kin san wani tsohon da ba shi da haƙora?"

Na kashe wayar. Na so in zage shi tas, in zagi antin da ta ba shi lambar, in zagi wadda ta ba antin. Sai dai in aka bi sawun lambar nan daga waya zuwa waya, a kaina za a tsaya. Ni na fara ba da ita. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ba na so a tuna Kawu da sunan Baba Denca, kuma ba na so a ci gaba da sa mini albarkar da ban cancanta ba.

Wanda bai yi karatunmu ba ba zai gane wannan kiran ba, to bari in bayyana. Kowane ɗalibin likitan haƙori yana da littafin sa hannu. Kafin a bar ka ka zauna jarrabawar ƙarshe, sai ka nuna ka cire haƙora kaza, ka yi ciko kaza, ka wanke baki kaza, ka yi wa mutum haƙoran roba, kowanne malami ya duba ya sa hannu. Ban ga laifin wannan tsari ba, babu mai son likitan da bai taɓa riƙe haƙori ba sai a takarda. Laifin yana cikin abin da muka bari littafin ya yi wa idanunmu. Mukan je biki, amarya ta yi dariya, kowa yana guɗa, ke kuma kina cewa a ranki ga ciko biyu nan a sama. Mai kayan miya ya yi hamma a kasuwa, ki ji kamar ki nemi lambarsa. Mun daina ganin mutane, bakuna kawai muke gani suna yawo a gari, kuma a cikin bakin ma abin da ya rage mana a littafi kaɗai muke gani.

Kawu baduku ne, ɗan baduku. A gidansa na zauna tun da na baro Wamakko don karatu, domin shi da Inna Allah bai ba su haihuwa ba, kuma tun ranar da na sauke akwatina ya fara kirana Likita, alhali ko allura ban iya riƙewa ba. Zaurensa kullum warin jima yake, da jar fata a rataye, da basilla soke a hularsa. Da haƙori yake jan zare, da haƙori yake tsinke shi, shekara da shekaru, har haƙorinsa na gaba ya yi wata 'yar tsaga daidai kaurin zaren. Goro ba ya barin bakinsa. Bayan goro kuma sai garin taba da kanwa, ya ɗan tsakura ya ajiye a ƙarƙashin harshe ta gefen hagu, Inna tana faɗa yana yi mata dariya. Ba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai, kuma in ya ƙi abu ko limami ya zo sai dai ya koma.

Akwai abu ɗaya da ba ya tsallakewa a aikinsa. In aka kawo masa fata, kafin wuƙa ta taɓa ta, sai ya juya bayanta, ya ɗaga ta ga hasken ƙofa, ya bi ta da yatsa daga wuya har wutsiya. In ya ga huji ko wurin da ya yi laushi, sai ya kira mai ita ya nuna masa. Yakan ce, "Gaba kowa na gani. Juya ta." Ya faɗa mini wannan kalma a kan fata, a kan atamfa, har a kan kifin da na sayo a kasuwa.

A kan wannan suka ɓata da ƙaramin kawuna, wanda suke zaure ɗaya. Ƙaramin ya ɗinka wa wani alhaji jaka, fatar tana da ɗan huji, sai ya lanƙwasa wurin ya shigar da shi cikin ɗinki yadda ba mai gani. Alhajin ya zo karɓa, yana ta yabo, Kawu ya miƙa hannu ya ce a ba shi ya gani. Ya juya jakar, ya shafa, ya zaro basilla daga hula ya farke ɗinkin a gaban mai kaya. Daga ƙaramar salla har babbar salla ba su yi wa juna magana ba, suna zaune tabarma ɗaya, in ɗaya yana son almakashi sai ya aiki Inna.

Wannan mutumin na kai makarantarmu. Ina aji huɗu na dawo gida wata rana fuskata a murtuke, saura kwana kaɗan a karɓi littattafai, ni kuma ban samu ko mutum ɗaya da zan wanke wa baki ba.

Ya ce, "Mi na na, Likita?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "To ni bakina na ado na? Gobe mu tahi."

Ranar da ya buɗe baki a kujerar asibitin da muke koyon aiki, ɗalibai suka taru a bayana kamar an sauke kayan gwanjo. Duk abin da ke cikin littattafanmu yana bakin nan: kogo, dasashi mai jini, haƙori mai girgiɗi, tsagar zare. Kafin la'asar mutum uku sun roƙe ni lambarsa. Na bayar, har ina jin kaina.

Daga nan ya zama namu. Yakan bar zaure, ya hau kekensa tun da sassafe, ya zauna a benci har azahar yana jiran ɗalibin da ya ce masa ƙarfe takwas. Sau ɗaya kawai na ga ransa ya ɓaci. Ɗalibai biyu ne suka tsaya a kansa suna sa-in-sa, wannan yana cewa kes ɗina ne, wancan yana cewa ni na riga ka, kes ɗina ne. Kawu ya cire audugar da ke bakinsa, ya miƙe, ya ce, "Ku ji nan, samari. Ni ba kes na ba. Ni baduku na, kuma na girmi uban kowanenku. Wanda ag gaishe ni yau, shi zo shi yi aiki." Babu wanda ya gaishe shi a cikinsu. Ya hau kekensa ya koma gida, amma da suka kira washegari suna ba da haƙuri, ya dawo.

Akwai kuma wani abokin karatunmu mai rawar hannu, wanda ya zo cire masa haƙorin turmi ya karya shi, saiwar ta maƙale, malami ya yi masa tatas a gaban kowa. Kawu, bakinsa cike da jini da auduga, ya kamo hannun ɗalibin ya riƙe har rawar ta tsaya. Bayan sati biyu ya dawo ya ce shi wannan mai rawar hannun yake so ya yi masa na gaba, "don kar tsoro shi zamna mai." Mai rawar hannun nan yanzu likita ne a wata jiha. Ya turo mini saƙon ta'aziyya layi ɗaya.

Ni kuma ya ɗinka wa littafin sa hannuna riga ta jar fata, da ɗan maɗauri, don kada ya yage a jaka.

Haka haƙoran Kawu suka dinga tafiya ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu dole su tafi, wannan gaskiya ne. Amma aƙalla biyu, na sani kuma waɗanda suka cire su sun sani, da an yi haƙuri da an cece su. Ceton haƙori yana cin lokaci, cirewa kuwa minti ashirin ne da sa hannu ɗaya. Da muka shiga ajin ƙarshe babu ko ɗaya a bakinsa, da magogi yake goge goronsa. A nan ne ya zama abin da kowane ɗalibi yake nema ruwa a jallo, wato tsoho marar haƙori ko ɗaya, mai haƙuri, mai zuwa in an kira, wanda za a yi wa cikakkun haƙoran roba a jarrabawar ƙarshe. Na ce wa kowa ya cire ido, kawuna ne.

A wannan shekarar ya fara wata magana. Duk wanda ya zaunar da shi a kujera sai ya ce masa, "Akwai wani abu nan ƙarƙashin halshe, shina yi min zahi in na ci goro." Amsa ɗaya yake samu: Baba ba shi muka zo yi yau ba, ka dinga kurkurewa da ruwan gishiri. Dukanmu an koya mana cewa gyambon baki da ya wuce sati biyu bai warke ba, musamman a bakin mai taba, ba a kwana da shi, malami ake kira. Dukanmu mun rubuta haka a jarrabawa mun ci maki. Amma babu gurbin gyambo a littafin sa hannu, don haka babu wanda ya ɗaga harshen nan. Ina jin haushinsu har yau, ɗaya bayan ɗaya, da fararen rigunansu da hotunan da suke ɗauka a gaban kujera. Sai dai su ba su gani ba. Ni na gani.

Saura sati uku jarrabawa, ina ɗaukar awon bakinsa. Na sa yatsa na ɗaga harshen don abin awon ya zauna, ba don in duba komai ba. Sai ga shi a gefen hagu, daidai inda yake ajiye taba: gyambo kamar faɗin ƙwayar gyaɗa, bakinsa fari, a tashe. Na taɓa da safar hannu, na ji tauri. Ban yi shakka ba ko ta minti ɗaya, kada wani ya nema mini uzuri da ƙuruciya. Malaminmu yana kujera ta uku, in na ɗaga murya zai ji. Kuma na san abin da zai biyo baya. Za a dakatar da haƙoran, a tura Kawu gwaji, ni kuma in rasa mutumin jarrabawa saura sati uku, in jira zagaye na gaba, abokaina su fita su bar ni, mahaifiyata ta riga ta gaya wa duk Wamakko.

Na saki harshen. Na ce, "Kawu, ka ci gaba da ruwan gishirin nan."

Ya dube ni, ya ce, "To, Likita."

Na gaya wa kaina bayan jarrabawa zan yi magana. Ranar jarrabawa malamin ya sa Kawu ya cije, ya buɗe, ya yi murmushi, ya duba yadda haƙoran sama da na ƙasa suka haɗu. Sannan ya ce, "Baba, akwai inda ke damunka?" Kawu, wanda ya yi wata da watanni yana faɗa wa kowa maganar ƙarƙashin harshe, ya ce, "Lahiya lau." Na ji daɗi. Allah Ya gani, daɗi na ji.

Na ci jarrabawa. Aka yi walima, Kawu ya zauna a gaba yana washe sababbin haƙora, yana cewa kowa ya zo ya ga aikin ɗiyarsa. Sai rantsuwa, sai neman wurin aiki, sai na fara ce wa kaina ai wataƙila gogar roba ce, ai da abin tsoro ne da ya sake magana. Gaskiyar ita ce in na kai shi yanzu, za a tambaye ni yaushe na fara gani. Wata biyar na yi ina kallonsa yana taunawa da gefe ɗaya. Sai da ƙullutu ya fito masa a wuya Inna ta ce sai an je asibiti. Likitan da ya duba shi ya ce ciwon daji ne, ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ke da kike gida ɗaya da shi?" Ban san ko wata biyar ɗin nan da sun cece shi ba. Babu likitan da ya ce mini e, babu wanda ya ce mini a'a.

Ba zan ba da labarin jinyar ba. Abin da zan faɗa kawai, mutumin da yake farke ɗinki a gaban alhaji ya ƙare da nuni da hannu in yana son ruwa, haƙoran da na yi masa suna cikin kofi a kan taga.

Ku da kuke sanye da farar riga yanzu, na san lambar nan tana cikin wayoyinku. Ku goge ta. Tsohon da za ku samu a madadinsa, ku tambayi sunansa da sana'arsa, ku gaishe shi kafin ku sa safar hannu. In ya ce wani wuri yana masa zafi, to wurin nan shi ne aikin ranar, ko da babu gurbinsa a littafinku. Ba daga sama nake muku magana ba, na fi ku laifi.

Bayan kiran saurayin nan, da aka yi azahar mata suka ragu, Inna ta ja ni ɗakin Kawu. Ta ɗauko wata 'yar jaka ta jar fata, ɗinkin hannunsa, ta sa mini a tafi. Haƙoran ne a ciki.

Ta ce, "Yac ce a ba ki. Aikinki na."

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Inna, akwai abin da ban faɗa ba." Na faɗa mata duka, daga ranar awo har ranar da ƙullutu ya fito, ban rage ba. Ina jira ta yi salati, ko ta mare ni, da na fi son marin.

Ta gyara zama, ta ce, "Na sani. Shi ma ya sani."

Na ɗago kai.

"Ran da kunka dawo awon bakin nan, bai ci tuwo ba. Yac ce min, yau Likita ta juya hwata, ta ga hujin, ta mai da ta. Nic ce, to ka yi magana mana! Yac ce, a'a, bari ta gama, sati ukku na, in ta gama da kanta za ta zo ta kai ni. Kullum in kin shigo gidan ga da hwarar rigarki, sai shi gyara hula, shina zaton yau ta."

Na ji haushinsa ya taso mini, shi ma, da taurin kansa, da yardar da ya yi da ni wadda ban roƙa ba.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Sati ukku yab ba ki, ɗiya. Sauran ke kinka ɗauka."

Ta tashi ta koma wurin masu gaisuwa, ta bar ni da jakar a hannu.

Ya Allah, ga bawanKa baduku ya zo, Ka fi kowa sanin gabansa da bayansa. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabari, Ka ba Inna haƙuri. Tawa gafarar ban iya buɗe baki na roƙa ba tukuna.